Yawon wasan barkwanci tsakanin Jidda da Riyad: yadda za ka shirya tafiyar da kuɗin ƙofa ba zai karya ka ba

Kujeru 150 muka jera a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da ke bayan garin Ɗa'ifa, mutum 23 suka zo. Sau biyu na ƙirga su ta bayan labule, har da direbanmu da yaron da ke raba shayi. Kwana uku kafin ranar, sunayen da ke cikin wayata sun haura 180, kowa da “insha Allahu ni da iyalina muna nan tafe”. Da la'asar hazo ya sauko aka rufe hanyar Hada, mutanen Makka da suka yi niyyar hawowa suka ga zagaye ta Sailu ya yi musu nisa, da dare kuma ga wasan ƙwallon ƙungiyar Ittihad ta Jidda a talabijin. Wata biyu bayan haka a Madina, inda na sa ran arba'in, sai da aka aro kujeru a maƙwabta. Labarai iri ɗaya na bayar a wuraren biyu, bakin nan dai nawa ne.

Tun daga daren Ɗa'ifa na daina tambayar kaina mutum nawa za su zo, don babu mai amsar sai Allah. Abin da nake tambaya yanzu shi ne: in rabin ɗakin bai cika ba, zan koma gida da kuɗin cefane ko da bashi? Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan tambayar aka gina su. Ƙannena masu tasowa da ke sa mutane dariya a wajen biki da a TikTok, waɗanda suke ganin lokaci ya yi da za su sayar da tikiti gari-gari, da ku nake.

Mataki na farko: takarda kafin fosta

Ƙasar nan ta Saudiyya ta sauya. An kafa Hukumar Nishaɗi a 2016, aka buɗe gidajen sinima a 2018, aka fara bikin nishaɗin Riyad na shekara-shekara a 2019, har ta kai a ƙarshen Satumbar 2025 an yi gagarumin taron 'yan barkwanci na duniya a Riyad. Abin da a da ake yi a ɓoye a tsakar gida yanzu sana'a ce mai rajista. To amma sana'a mai rajista ka'ida gare ta. Taron da za a tallata wa jama'a a sayar da tikiti yana buƙatar izinin hukuma, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka bi ta hannun kamfani ko mu'assasa mai rajistar kasuwanci da ta saba neman irin wannan izini. Su za su nemi ka rubuta musu abin da za ka faɗa a kan dandamali, domin in magana ta ɓaci wuyansu za a fara kamawa. Kada ka ji haushi, ka rubuta.

Sai maganar kai kanka. In ɗan ƙasa ne kai, da sauƙi. In da igama, wato takardar zaman baƙo, kake zaune, ka sani cewa yin aikin kuɗi ga wanda ba kafilinka ba, wato ba shi ya tsaya maka a takardar ba, laifi ne a dokar ƙasar, don haka ka sa mai shirya taron ya gyara wannan a rubuce tun kafin a buga hotonka. In kuwa baƙo ne za ka gayyato daga Kano ko Maraɗi, bizar Umara ba ta aiki ba ce. Na san ana yi: a ji wani tauraron fim ya shigo Umara, a yi maza a haɗa masa taro a karɓi kuɗi a ƙofa. Ranar da abin zai ƙwaɓe, shi a hana shi sake shigowa, kai da ka karɓi kuɗin mutane kai ne a ruwa tsundum.

Mataki na biyu: ka fara samun daren da ya riga ya biya

Wannan shi ne ƙashin bayan tafiyar, kuma shi ne matasa suka fi tsallakewa. Kada ka tashi daga Jidda zuwa Riyad, tafiyar kilomita kusan 950, saboda kawai ka kama ɗaki ka buga fosta. Ka jira sai an kira ka aikin da kuɗinsa tsayayye ne: gabatar da walimar aure, taron shekara na wata ƙungiyar 'yan gari, liyafar wani kamfanin aika kaya. Wannan aikin shi zai biya kuɗin hanya da masauki. Sai ka rataya daren tikitinka a jikinsa, kwana ɗaya kafin ko bayan. In daren tikiti ya yi kyau, riba ce a kan riba. In ya faɗi, kuɗin ɗaki kawai ka rasa, motar komawa tana nan.

Akwai ƙarin fa'ida da ba a gani sai an gwada. Mutum 300 da suka yi dariya a walimar daren Alhamis su ne tallan daren Juma'a. Ka roƙi uban biki ya ba ka minti ɗaya a ƙarshe ka sanar. Ni ga yadda nake cewa: “Baba Alhaji, a yi min alfarma in gaya wa baƙinka inda za su same ni gobe.” Ban taɓa samun wanda ya hana ba, wasu ma sukan sayi tikiti goma su raba wa dangin amarya.

A irin wannan aikin ka karɓi kafin alƙalami, abin da nan ake kira arbun, rabin kuɗi tun ranar da aka tsayar da magana. Biki yana ɗagawa, biki yana rushewa, kai kuma ka riga ka sallami wasu da suka nemi wannan ranar.

Mataki na uku: zaɓen rana

A nan ne ake cin kasuwa ko a faɗi tun ba a buɗe ƙofa ba. Tun 2013 hutun mako ya koma Juma'a da Asabar, saboda haka daren Alhamis shi ne sarki, daren Juma'a na bi masa. Daren Asabar mutane na tunanin aikin safe da kai yara makaranta. Sannan ka dubi aljihu: ma'aikatan gwamnati na karɓar albashi ranar 27 ga watan Bature, na kamfanoni yawanci ƙarshen wata ko farkon sabo. Taron da ka sa ranar 22 ga wata ka sa shi ne daidai lokacin da maigida ke lissafin kuɗin gas. Makon farko na wata ya fi.

Bayan kalandar Bature sai ta Musulunci, wadda ita ce ke juya rayuwar mutanenmu a Hijaz. Goman ƙarshe na azumi ka manta da shi, babu mai zuwa, kuma bai ma dace ba. Kwana na biyu da na uku na ƙaramar salla kuwa zinariya ne, sai dai kowa ya san haka, masu ɗakunan taro ma sun sani, farashi sai ya tashi. Da aikin Hajji ya gabato ana hana shiga Makka sai da takardar izini, kuma rabin masu kallonka suna can suna hidimar alhazai, daga masu tura keke zuwa masu tafinta da masu dafa abinci. Ka bari sai alhazai sun watse. A makonnin nan da ke biyo baya mutane sun gaji, aljihu da nauyi, zuciya na neman abin dariya. Ɗa'ifa kuma garin bazara ce, lokacin da zafi ya koro mutanen Makka da Jidda zuwa kan dutse. Ni da na je da sanyi, ai ka ji yadda muka kwashe.

Abubuwa biyu da ba sa cikin kalanda amma sai ka duba: jarrabawar makarantu da jadawalin ƙwallo. Uwar da ɗanta ke da jarrabawa ranar Lahadi ba za ta bar gidan ya fita ba. Ƙwallo kuwa, mutanen da suka haifi Usama Hausawi, wanda ya riƙe kambun ƙungiyar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, ba za su bar karawar Ittihad da Ahli su zo kallon bakinka ba. Kada ka gwada ƙarfinka da wannan.

Lokacin farawa: bayan sallar isha'i da aƙalla awa ɗaya. Ka rubuta ƙarfe tara a fosta, ka sa a ranka goma saura.

Mataki na huɗu: lissafin da zai gaya maka gaskiya

Ɗauki biro. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai, kai sai ka sa farashin da aka gaya maka.

A ce ka sami ɗaki mai kujeru 200 a kan riyal 3,000. Na'urar sauti da mai kula da ita 800. Ruwa da shayi 500. Talla 400. Sufuri 600. Masauki 500. Yaron da zai buɗe maka fili 400. Masu tsaron ƙofa 300. Jimla 6,500, ban ma sa kuɗin takardar izini ba. Ka ce tikiti riyal 50. To ba 50 ce za ta shigo hannunka ba. Harajin kaya da hidima tun Yulin 2020 kashi 15 cikin ɗari ne, in kamfanin da ya shirya maka yana da rajistar haraji, riyal 50 ɗin nan ta koma 43 da 'yan kai. Manhajar sayar da tikiti ko mai shirya taron ya cire la'adarsa, mu ce saura 40. Raba 6,500 gida 40: sai mutum 163 sun biya kafin ka ga riyal ɗaya naka. Kujera 163 cikin 200! Wannan ba kasuwanci ba ne, caca ce, kuma irin ta na yi a Ɗa'ifa.

Yanzu mu gyara. Nemi ɗaki mai kujeru 120 a kan 1,500. Ƙaramin ɗaki ba ya cin babbar lasifika, 600 ta isa. Shayi 300, talla 300, sufuri yana nan 600, masauki 300, mai buɗe fili 400, ƙofa 200. Jimla 4,200. Ka je wajen mai gidan abincin da ke sayar da tuwo da siriya, wato tsiren nan namu da Larabawan Hijaz suka karɓa har da sunan, ko mai kamfanin da ke aika kayan mutane zuwa Kano, ka ce za ka sa sunansa a fosta ka ambace shi sau biyu a kan dandamali, ya ba da 1,500. Saura 2,700. Ka ware kujeru 20 na sahun gaba a kan riyal 100, domin a kowane gari akwai alhazan da ba sa son a gan su a baya. Ko goma aka saya, bayan cire-cire ka sami 800. Saura 1,900, wato mutum 48 a kan farashin kowa da kowa. Ka ga da mutum 58 cikin 120 ka fita. Ƙasa da rabi.

Ƙa'idata ke nan: in lissafi ya nuna sai fiye da rabin ɗaki ya cika kafin in mayar da uwar kuɗi, ban kama ɗakin ba. Ƙaramin ɗaki da ya cika har wasu suka tsaya a tsaye ya fi maka talla a kan babba mai kujeru wayam. Wanda aka mayar daga ƙofa don babu wuri shi ne zai fara sayen tikiti a zuwanka na gaba, har ya riƙa ba da labari.

In wani ne ya gayyace ka ya ce ku raba kuɗin ƙofa, akwai ciniki iri uku: kuɗi tsayayye ko an cika ko ba a cika ba, kaso daga abin da ƙofa ta tara, ko kuma ɗan tsayayyen da zai rufe hanyarka tare da kaso a kan abin da ya haura. Garin da ba ka taɓa zuwa ba, na ukun za ka nema. Kuma ka tambaya a fili: kason nan daga jimlar kuɗi ne ko bayan an cire ɗawainiya? Na taɓa yarda da kashi 60 ban tambaya ba, da aka zo rabo sai ga jerin ɗawainiya har da turaren wuta da man motar ƙanin mai taron. Kashi 60 ɗin nawa bai kai kuɗin shawarma biyar ba. A rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne.

Mataki na biyar: ɗan gari

Da ɗan gari kan ci gari. A kowane birni kana buƙatar mutum ɗaya da in ya ce a fito ake fitowa, kuma sau da yawa mace ce. A Makka wata Hajiya ce mai adashi, wadda wayarta ke ɗauke da gidaje sun fi ɗari. Ranar da na fara zuwa gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ɗana, ba dai za ka kunyata ni a gaban surukaina ba ko?” Na ce, “Hajiya, in kika ji kalma ɗaya da ba za ki iya maimaitawa gaban jikokinki ba, ki tashi ki kashe lasifikar da hannunki.” Ita kaɗai ta sayar da tikiti 44. Irin wannan mutum ka ba shi la'adarsa a kan kowane tikiti, a bayyane, kada ka bar shi da godiyar baki.

Muhimmancin ɗan gari ya ƙaru a Jidda tun bayan rusau da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya taɓa tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail, inda mutanenmu da yawa suke zaune. A da in ka manna fosta a bakin shago biyu, ka gaya wa mai shayi ɗaya, unguwa ta ji. Yanzu mutanen sun warwatsu, wasu can kudancin gari, wasu gabas, wasu sun bar Jidda ɗungurungum. Zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin maƙwabta su ne unguwar yanzu, kuma ba a shiga sai da mai gabatarwa. Ka zaɓi ɗakin da ke kusa da babbar hanya mai wurin ajiye motoci, don kowa daga nesa zai taho.

Mataki na shida: sayar da tikiti, da yadda ake karanta alkawari

Ka buɗe shafi uku a littafinka. Na farko waɗanda kuɗinsu ya shigo, ta banki ko ta mada, katin bankin ƙasar nan, ko hannu da hannu. Na biyu waɗanda suka ce za su biya a ƙofa. Na uku masu “a ajiye min guda biyar”. A nawa littafin, na shafin farko kusan duk suna zuwa, na biyu in an sami ɗaya cikin uku an gode Allah, na uku kuwa ban ƙirga su sam. Ba ƙarya suke yi ba. A al'adarmu ba a ce wa mutum “ba zan zo ba” ido da ido, “insha Allahu” ta fi ladabi. Laifinka ne in ka ɗauki ladabi ka kai wa mai ɗaki a matsayin kuɗin haya.

Don ka jawo mutane daga shafi na biyu zuwa na farko, ka sa bambancin farashi: wanda ya saya kafin mako guda riyal 40, a ƙofa 60. Ka yi tikitin iyali, mutum huɗu a farashin uku, domin mutanenmu ba sa fita ɗaiɗai. Ka faɗa a fosta cewa akwai ɓangaren iyalai daban. Magidanta da yawa wannan layin kawai suke nema kafin su yarda.

Kada yawan mabiya ya ruɗe ka. Mutum dubu ɗari da ke kallon bidiyonka, mafi yawansu suna Kano da Kaduna da Damagaram, ba za su hau jirgi su zo Damam ba. Ka shiga ƙididdigar shafinka ka ga nawa ne ke zaune a garin da za ka.

Sannan ka tsayar wa kanka ranar yanke hukunci, kwana biyar kafin taro, kuma ka yi ciniki da mai ɗaki tun farko a kan abin da zai riƙe in ka fasa a wannan ranar. In ranar ta zo shafin farko bai kai rabin adadin da zai fitar da kai ba, ko ka koma ƙaramin wuri ko ka ɗaga. Ɗagawa ba abin kunya ba ne muddin ka mayar wa kowa kuɗinsa a ranar, ba sai ya yi ta bin ka ba. Gaskiya ne mutanenmu 'yan ƙurarren lokaci ne, akwai daren da rabin ɗaki zai saya a awa ukun ƙarshe, kamar yadda aka yi min a Madina. Amma wannan kyauta ce daga Allah, ba a ɗaura niyyar tafiya da ita.

Tikitin alfarma kuma, ka ƙayyade goma ka danƙa wa mai tsaron ƙofa jerin sunayen. Kai kada ka tsaya a ƙofa ko na minti ɗaya. In kawunka ya gan ka, ba za ka iya ce masa ya biya ba, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.

Mataki na bakwai: hanya

Tsakanin Makka da Jidda da Madina jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, ya sauƙaƙa rayuwa: ka tashi Jidda bayan azahar ka isa Madina kafin magariba da sauran ƙarfinka. In ku huɗu ne da kaya, mota ta fi araha. Jidda zuwa Madina kusan kilomita 420 ne, zuwa da dawowa 840. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita goma za ta sha lita 84, a kan riyal 2.18 da aka tsayar wa fetur mai lamba 91 tun 2021, ka ga wajen riyal 183 ke nan. Sai dai kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi ba su san kai ɗan wasa ba ne. Tara biyu ta gudun wuce kima ta isa ta cinye ribar dare guda. Riyad kuwa, ka sayi tikitin jirgin sama na flynas ko flyadeal da wuri, ko ka hau safa in kana da juriyar zama. Daga Riyad zuwa Damam wajen kilomita 400 ne, akwai jirgin ƙasa, don haka garuruwan biyu a tafiya ɗaya ake haɗa su.

Kada ka tuƙa mota bayan ka sauko daga dandamali. Jikinka zai ce maka garau kake, ƙarya yake yi, zafin fili ne bai sake ka ba. Ƙarfe uku na dare a hanyar Madina barci ba ya sallama. Ka kwana, ka yi asuba, ka ci ful da tamis, wato wake da burodi, sannan ka kama hanya.

Masauki: gidan dangi kyauta ne a baki, amma za ka biya da tikiti takwas da hira har ƙarfe biyu, kuma kowa so yake ka ba shi dariya a kan tabarma. Ɗakin haya mai kayan ɗaki na kwana ɗaya da za ku raba ku uku ya fi kwanciyar hankali. Ka je ka gaida dangin da rana, da ɗan tsaraba.

Muryarka ita ce jarinka. Fitowa daga zafin waje ka faɗa sanyin na'ura, ka ɗora da ruwan ƙanƙara, shi ke dusar da ita. Ruwan ɗumi, zuma, da rufe baki tun daga la'asar. Shinkafa buhari kuma sai bayan an tashi, in ba haka ba a kan dandamali za ka yi ta gyatsa.

Mataki na takwas: ɗaki da abin da za ka faɗa a cikinsa

Hausawan ƙasar nan ba iri ɗaya ba ne. A Makka da Jidda akwai gidajen da kakanninsu suka taho a ƙasa ta Chadi da Sudan suka tsallako teku daga Sawakin, jikokinsu Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Su abin da ke kashe su da dariya shi ne kaka tana faɗa da Hausa jika yana ba ta amsa da Larabci, kowa yana ganin ɗayan ne bai iya magana ba. A Madina ɗaliban Jami'ar Musulunci za ka tarar, Hausarsu tsantsa, kunnensu a kan kowace kalma, su labarin ɗalibi da kuɗin tallafin wata da kewar tuwon gida suke so. A Riyad ma'aikata ne da direbobi, mutanen da maigida ya gajiyar, ka ba su labarin maigida ba tare da ka kama suna ba. Ka riƙe minti arba'in da ke aiki ko'ina, ka bar minti goma sha biyar na garin, waɗanda za ka tsinta a bakin ɗan garinka da rana.

Wasan taubasantaka yana ci har gobe, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, domin kowa ya san wasa ne da kakanni suka bari. Abin da ba a taɓawa: addini, hukuma da shugabanni, da matan mutane. Maganar takardun zama ma ka yi hattara da ita. Kai abin dariya ka gani, wani a sahu na uku ita ce ta raba shi da 'ya'yansa.

Ka roƙi jama'a su ajiye waya. Dalili biyu ne. Labarin da aka ɗauka a Jidda daren Alhamis ya riga ka isa Riyad, ranar da ka je kana buɗe baki suna ƙarasa maka. Na biyu, akwai iyalai a ɗakin, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta hana keta sirrin mutane da kyamarar waya. Ka sa mutum ɗaya naka ya ɗauka daga inda fuskar masu kallo ba za ta fito ba, kai ka zaɓi minti ɗaya ka saki.

To in duk ka yi wannan kuma aka wayi gari mutum 23 ne fa? Ga abin da muka yi a Ɗa'ifa, kuma shi kaɗai ne abin da muka yi daidai a daren. Muka kwashe kujerun baya gaba ɗaya muka jingine a bango, muka bar talatin muka yi musu zobe. Aka kashe fitilun baya. Na sauko daga dandamali, na ajiye makirufo, na jawo kujera na zauna a tsakiyarsu, aka zagayo da shayi. Dariya tana son kafaɗa ta taɓa kafaɗa, mutum ba ya ƙyaƙyatawa in kujeru biyar ne wayam a gefensa. Kuma ban ce uffan a kan waɗanda ba su zo ba. Wanda ya zo bai yi laifi ba, me zai sa ya sha faɗan wanda ke gida? Wani dattijo mai jan rawani a gabana ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido da gefen mayafi. Da aka tashi ya kamo hannuna ya cusa min riyal 200 ya ce, “Yaro, wata mai zuwa zan aurar da 'yata a Makka, kai za ka riƙe mana taron.”

Mataki na tara: kafin ka kwanta

A daren, ba da safe ba, ku zauna da mai shirya taron da mai ƙofa a ƙirga guntayen tikiti a gwada da kuɗin da ya shigo. Ka sallami mai sauti da mai buɗe fili da masu ƙofa kafin ka taɓa naka, ko da abin da zai rage maka bai kai nasu ba. Su ne za su ɗaga wayarka a karo na gaba. Abin da ya saura ka kasa uku: kaso ɗaya ka tura gida nan take tun kana zaune, kaso ɗaya asusun daren da zai faɗi, na ukun naka. Liƙin da aka yi maka kada ka sa shi a lissafin tikiti, in ka haɗa su zai ɓoye maka ainihin ƙarfin garin.

Sai ka buɗe littafi ka rubuta ranar da wata na Bature da na Musulunci, sunan ɗakin da kuɗinsa, mutum nawa suka biya tun farko, nawa a ƙofa, nawa alfarma, yanayin gari, wasan ƙwallon da aka buga, labarin da ya ci da wanda ya mutu. A shafin Ɗa'ifa na wancan daren, ƙarƙashin lamba 23, abin da na rubuta shi ne: a dawo da bazara, kujeru 80, a kira Makka da la'asar a tambayi hanyar Hada.